Yadda ake ɗaukar hoton fanorama ya haɗu ba tabo, da yadda ake duba na ɗan'uwa

Fanorama shi ne dogon hoton nan mai faɗi da ke kwaso abin da kyamara ba ta iya ɗauka a bugu ɗaya: gari daga kan dutse, filin idi, bakin kogi, gona da damina. Hotuna ake ɗauka a jere, kowanne ya ɗan hau gefen na kusa da shi, sannan manhaja ta ɗinke su. Idan ɗinkin ya ƙi, mai koyo kan ɗora wa manhajar laifi, alhali galibi tun a wurin ɗauka aka ɓata aikin. Manhaja ba ta san komai ba sai neman abin da ya yi kama a hotuna biyu ta ɗora su kan juna. Duk abin da ya sauya tsakanin hoto da hoto, haske ne, launi ne, ko wurin da idon kyamara yake, shi zai fito maka a bakin ɗinki. Za mu ɗauki misalin rabin zagaye, wato digiri 180, daga kan Dutsen Dala a Kano, amma ƙa'idar ɗaya ce ko'ina.

Kayan aiki

Kyamara kowace iri ce, muddin tana da saitin hannu, wato harafin M. Waya ma ta yi idan tana da Pro a kyamararta, in babu a sauke manhajar Open Camera, kyauta ce a Android kuma tana kulle haske da fokas. Gilashin 18-55 da ke zuwa da yawancin ƙananan kyamarori ya wadatar. Sai sitan mai ƙafa uku wanda kansa ke juyawa, da ɗan ma'aunin ruwa irin na magina idan sitan ɗin ba shi da nasa. A tanadi ƙyalle mai laushi da roba mai hura iska don share ƙura, salatif, zare mita biyu da ɗan ƙarfe mai nauyi kamar noti, cikakken batir, da memori mai fili. Don ɗinki ana buƙatar kwamfuta da ɗaya daga cikin waɗannan: Hugin, wadda kyauta ce kuma tana aiki a Windows da Mac da Linux, Lightroom ko Photoshop, ko PTGui, wadda ake saye. Rashin sitan bai hana aiki ba, akwai dabararsa a mataki na 3.

1. Zaɓi wuri da lokaci

Tsaya ka juya da idonka tukuna kafin ka taɓa kyamara. Ina hoton zai fara, ina zai ƙare, kuma mene ne a ciki da ido zai sauka a kai? Fanorama marar jigo, rufin kwano kawai daga wannan gefe zuwa wancan, yana gajiyar da mai kallo. Nemi hasumiyar masallaci, doguwar bishiya ko titin da ya ratsa gari, ka sa shi wajen sulusin faɗin hoton.

Rana ta kasance bayanka ko gefenka. Da safe ka fuskanci yamma, bayan la'asar ka fuskanci gabas. Idan rana ta shigo cikin jerin, hoto ɗaya zai ƙone fari fat, saura su yi duhu. Lokacin hunturu hazo na rufe nesa. Iskar da ta fi tsabta ita ce ta bayan an ɗauke ruwan sama. Gab da magariba haske na da kyau, sai dai yana gudu: idan ka ɗauki minti uku kana jeri, hoton ƙarshe zai fi na farko duhu ƙarara. A wannan lokacin ka gama cikin minti ɗaya.

Daga kan dutse ana hango tsakar gidajen mutane. Kada ka sunkuyar da kyamara kan gidajen da ke gindin dutse, kuma kafin ka yaɗa hoton ka zuƙo shi ka tabbatar ba iyalin kowa a ciki. Barikin soja, ofishin 'yan sanda da shingen bincike kuwa, a kauce musu gaba ɗaya.

2. Daidaita sitan

Wannan matakin ake rainawa, shi ne kuma ke karkatar da hoto. Abin da ake so ya daidaita shi ne gindin da kan sitan ke juyawa a kai, ba kyamarar kaɗai ba. Buɗe ƙafafu, ka ƙara ko rage tsawonsu har kumfar ma'auni ta zauna tsakiya, sannan ka ɗora kyamara ka daidaita ta ita ma. Gwada: juya ta daga farkon jeri zuwa ƙarshe kana kallon layin da sama ta haɗu da ƙasa. Idan layin ya tsaya wuri ɗaya a allo, shi ke nan. Idan yana hawa ko sauka, gindin ne bai daidaita ba, koma kan ƙafafu. In ka ƙyale shi haka, hotunan za su fito kamar matakala, in aka zo yanke gefe sai ka rasa rabin sama.

Kyamarar a tsaye za ka riƙe ta, ba a kwance ba. Za ka ƙara yawan hotuna, amma za ka sami sama da ƙasa masu yalwa, waɗanda dole ɗinki zai ci wani abu daga cikinsu.

3. Inda ake juyawa

Miƙa yatsa gabanka, rufe idon dama, sannan ka buɗe shi ka rufe na hagu. Yatsan ya yi tsalle a kan abin da ke bayansa. Abin da ke faruwa ke nan idan idon kyamara ya gusa tsakanin hoto da hoto: na kusa ya goce daga na nesa, manhaja ta rasa wanne za ta daidaita, sai ka ga falwaya ta karye ko katanga ta rabu biyu. Akwai wani gurbi a cikin gilashin, kusa da gabansa, wanda in a kansa ake juyawa gocewar ba ta faruwa. Ramin da ake ɗaura kyamara kan sitan yana bayan wannan gurbin ne, ba a kansa ba.

Idan duk abin da ke cikin hoton ya yi nisan mita 20 ko fiye, kamar gari daga kan Dala, kada ka damu, gocewar ba za ta fito ba. Ka dai kula kada duwatsun da ke gaban ƙafarka su shigo. A cikin ɗaki, zaure ko lungu kuwa, dole a nemo gurbin. Ana amfani da ɗan layin ƙarfe da kyamara ke zamewa gaba da baya a kansa. Kafa sanda kamar mita ɗaya gabanka, ka saita ta daidai da wani abu mai tsaye da ke nesa, misali kusurwar gini. Juya kyamara dama har su koma gefen hagu na allo. Idan sandar ta goce hagu da kusurwar, ja kyamarar baya kaɗan. Idan dama ta goce, tura ta gaba. Maimaita har su daina rabuwa ko ta ina ka juya, sannan ka yi alama da biro a kan ƙarfen. Alamar ta wannan zum ɗin ce kaɗai, in ka sauya zum sai an sake gwaji.

Wanda ba shi da sitan ya ɗaure zare a gaban gilashin, noti na reto a ƙasa, ya ajiye hular kwalba a ƙasa daidai notin. Kowane hoto, notin ya kasance kan hular. Kai ne za ka riƙa zagaya kyamara da ƙananan taku, ba kyamara ce za ta zagaya ka ba. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne miƙe hannu ya juya ƙugu, wanda ke gusar da idon kyamara fiye da taƙi guda kowane bugu. Mai waya ya ɗora gindinta kan babban yatsansa ko kan sanda, ya riƙa murza ta a wurin.

4. Kulle komai

A nan aikin yake. Sa zum kan 24 idan kyamararka mai ƙaramin sansa ce (sansa shi ne ɗan farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara), ko 35 idan mai cikakken sansa ce, ka manna salatif kan zoben don kada ya motsa. Gilashi mai faɗi sosai yana miƙe gefen hoto, yana kuma ƙanƙantar da abin da ke nesa.

Haske: fara sa kyamara kan A ko Av, inda ita ke zaɓar saurin shota da kanta, ƙofar haske f/8, ISO (ƙarfin jin hasken sansa) 100. Nuna ta ɓangaren da ya fi haske a jerin, ka karanta saurin shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga. Nuna ta wanda ya fi duhu, ka karanta. A ce ta ba ka 1/500 da 1/125. Koma M ka zaɓi wanda ya karkata wajen mai haske, kamar 1/320 ko 1/400, ka yi gwaji ka tabbatar sama ba ta ƙone ba. Dalili shi ne inuwa ana iya ɗago ta a kwamfuta, farin da ya ƙone kuwa ba ya dawowa. Tabbatar ISO ba ya kan Auto, domin ko a M yana iya sauya haske a ɓoye.

Launi: cire WB, wato saitin daidaita launi, daga Auto, ka sa alamar rana, ko 5500K. In ka bar shi, hoton da jar ƙasa ta yi yawa a cikinsa zai fito da launi daban da wanda sama ta cika, sai ka ga samaniya rabi shuɗi rabi ruwan toka.

Fokas: saita shi kan wani abu mai nisan kamar mita 10, sannan ka mayar da maɓallin kan MF, wato fokas na hannu. A zum 24 da f/8, komai daga kusan mita 3 har iya ganinka zai fito tar. Kashe fitilar kyamara. Idan kana kan sitan kashe mai hana rawar hannu, ka sa jinkirin daƙiƙa 2. Idan da hannu ne, kada saurin shota ya gaza 1/125. Cire filtar nan mai kashe ƙyalli da ake murzawa, domin ƙarfinta na sauyawa gwargwadon inda rana take, kuma tana barin baƙin dabbare a sama wanda gyaransa ke da wuya. In kyamara na ɗaukar RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto da ba ta sarrafa ba, yi amfani da shi. A ɗakin da ke da fitilar lantarki mai ƙyaftawa, sa shota kan 1/50 ko 1/100, saboda wutarmu na bugawa sau 50 a daƙiƙa.

Share gilashi kafin ka fara. Ɗigon ƙura ɗaya a kan sansa zai fito a kowane hoto, sai ka same shi jere a sama sau bakwai, tazara iri ɗaya. Kada ka sauya gilashi a fili lokacin hunturu.

5. Ɗauki jerin

Fara da ɗaukar hoton tafin hannunka, ka kuma rufe da shi. A cikin ɗaruruwan hotuna, da shi za ka gane inda jeri ya fara da inda ya ƙare. Soma daga hagu, ka ɗan wuce inda kake son hoton ya fara. Kowane hoto ya maimaita sulusin na baya, kamar yadda tela ke barin rarar yadi a bakin ɗinki. Kunna layukan da ke raba allo gida uku. Hanya mafi sauƙi ita ce ka lura da abin da ke kan layin dama, ka juya har ya taɓa bakin hagu na allo. Hakan na bar maka sulusi daidai.

A lissafi, zum 24 a ƙaramin sansa, kyamara a tsaye, yana ɗaukar kusan digiri 35. Idan kana juya digiri 24 kowane bugu, hotuna 7 sun ishe ka rabin zagaye, 15 cikakken zagaye. Babbar kyamarar waya ta fi faɗi, hotuna 5 kan isa rabin zagaye. Inda babu abin kamawa, kamar sarari zalla, ruwa ko farin bango, ƙara hawan ya kai rabi. Tsaya cak kafin kowane bugu, kada ka danna kana cikin juyawa.

Abu mai motsi shi ne babban abokin gaba. A Daidaita Sahu da ke tafiya inda kake juyawa zai fito sau biyu ko uku, mutumin da ya faɗo bakin ɗinki kuma ya fito rabi. Jira ya wuce, ko ka sa shi tsakiyar hoto ɗaya, ko ka juya sabanin inda yake tafiya. A wuri mai cunkoso ɗauki kowane gurbi sau biyu, ka zaɓa daga baya. Idan tsawon abin ya fi ƙarfin jeri ɗaya, yi jeri biyu, na sama da na ƙasa, su ma su hau juna da sulusi. Kammala, ka sake ɗaukar jerin gaba ɗaya karo na biyu kafin ka naɗe sitan.

Mai son amfani da Pano na waya kai tsaye: danna allo ka riƙe har haske da fokas su kulle, tafi a hankali da gudu iri ɗaya, kibiya na kan layi. Don dogon gini kamar Hasumiyar Gobarau a Katsina ko ta masallacin Agadas, kwantar da wayar ka ja daga ƙasa zuwa sama. Yana da sauri, amma idan ya karye ba ka da hotunan asali da za ka gyara da su.

6. Ɗinki

Kwafi hotunan ta kebul ko memori. Kada ka tura wa kanka su ta WhatsApp, yana matse su ya kuma goge bayanan gilashi da manhaja ke karantawa. Kada ka yanke ko ka gyara hoto ɗaya shi kaɗai. Duk gyaran da za a yi kafin ɗinki a yi wa dukansu iri ɗaya. Wanda ya fi muhimmanci shi ne cire duhun kusurwoyi da gilashi ke yi, domin shi ke jawo ratsin duhu a sama a kowace mahaɗa.

A Lightroom zaɓi hotunan, ka shiga Photo Merge, sai Panorama. A Hugin a fara mayar da RAW zuwa TIFF, sannan a bi maɓallai uku: Load images, Align, Create panorama. Za a ba ka zaɓin yadda za a shimfiɗa hoton. Cylindrical shi ne na dogon jeri ɗaya irin namu, yana barin gine-gine a tsaye. Spherical, wanda Hugin ke kira Equirectangular, na jeri da yawa ne ko cikakken zagaye. Perspective, ko Rectilinear a Hugin, yana barin layuka a miƙe, ya dace da fuskar gini, amma da zarar faɗin ya wuce digiri 100 sai gefuna su miƙe su munana.

Idan layin nesa ya lanƙwashe, a Hugin danna Straighten a shafin Move/Drag. Idan hoto biyu sun ƙi kamawa, buɗe Control Points ka nuna wa manhajar wurare biyar ko shida da hannu, a warwatse daga sama zuwa ƙasa, kan abubuwa masu nisa marasa motsi. Goge duk alamar da ta sa a kan gajimare, ganye ko mota. Mutumin da ya fito sau biyu kuma, a Masks za ka zagaye shi a hoto ɗaya ka ce a cire.

Hotuna 7 na kyamara mai megafiksel 24 suna ba da faɗin fiksel kusan 20,000. Idan kwamfutarka ba ta da ƙarfi, rage kowane hoto zuwa fiksel 3,000 a dogon gefe kafin ɗinki. Ko hakan ma ya ishi kallo a waya har da rara.

7. Yanka da gyara

Yanke gefuna masu haƙora. Faɗi ninki biyu ko uku na tsawo ya fi daɗin kallo. In ya kai ninki shida, a waya zai koma siririn zare. Ba dole ne duk abin da ka ɗauka ya zauna ba, yanke gefen da ba ya ƙara komai. Sai yanzu za ka gyara haske da launi. Daga nan zuƙo hoton zuwa 100%, ka bi shi daga hagu zuwa dama sau biyu, sau ɗaya kana bin layin nesa da wayoyin lantarki, sau ɗaya kana bin ƙasa.

8. Nuna wa 'yan'uwa

Mai neman gyara ya sauƙaƙa wa masu dubawa. Tura hoton a matsayin fayil, ba ta hanyar hoto ba, don kada a matse shi. Haɗa da bayanin kyamara, zum, f, shota, ISO, yawan hotuna, da sitan ko da hannu, manhajar ɗinki, da ƙarfe nawa aka ɗauka. Faɗi abin da kake son a duba. "Ku duba min sama, ina ganin kamar ratsi" ya fi "ya kuka gani?" jawo amsa mai amfani. Idan akwai inda ya karye, yanko wurin ka tura tare da hotunan asali biyu da suka haɗu a nan.

9. Duba na wani

"Masha Allah, ya yi kyau" addu'a ce mai kyau, a yi ta, amma ba ta koya wa mai hoto komai idan a nan aka tsaya. Buɗe hoton a babban allo in da hali. Kalle shi gaba ɗaya tukuna, ka lura inda idonka ya fara sauka, ka faɗa masa, domin wataƙila ba nan ya nufa ba. Faɗi abu ɗaya da ya yi daidai da dalilinsa. Sannan ka zuƙo ka nemi aibi, kuma kowane aibi yana nuna matakin da aka tsallake. Layin nesa mai lanƙwasa ko matakala, sitan ne bai daidaita ba. Sama mai ɓangare haske ɓangare duhu da iyaka a fili, ba a kulle haske ba. Ratsin duhu mai maimaituwa da tazara ɗaya, duhun kusurwar gilashi ne. Baƙin dabbare guda a sama, filta ce. Abin kusa ya karye na nesa lafiya lau, wurin juyawa ne. Yanki ɗaya ya yi dishi-dishi saura tar, ko fokas ya motsa ko an danna ana juyawa. Idan dishin ya ja gefe guda, motsi ne.

Faɗi wurin daidai, da dalili, da magani. Misali: "Malam, hasken ginin nan na hagu ya zauna sosai. Amma duba wayar lantarki ta kusa da bishiyar dama, ta karye. Ina jin da hannu ka ɗauka kana juya jiki. Gwada dabarar zare, ko ka matsa gaba falwayar ta fita daga hoton." Ka bambanta aibi da ra'ayi: karyayyar katanga aibi ce, amma yawan sama ko ƙarfin launi zaɓi ne, sai ka ce "da ni ne". Ga mai koyo, gyara biyu sun isa a zama ɗaya, ka fara da wanda ya fi ɓata hoton. Kada ka sauke hoton mutum ka gyara ka dawo da shi cikin jama'a sai ka nemi izininsa, kada kuma ka tura shi wani wuri ba da saninsa ba.

Wanda aka yi wa gyara ya tambayi abin da bai gane ba, sannan ya koma wurin a irin wannan lokacin na rana, ya sauya abu ɗaya tak daga cikin abin da aka faɗa masa, ya kawo tsohon da sabon a jere. Idan ya sauya abu uku a tare, ba shi ba, har masu dubawa ba za su san wanne ne ya gyara hoton ba.